Cinikin Mookie Betts da inda lissafin Red Sox ya karkace

Ranar 10 ga Fabrairun 2020 ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox ta sallama wa Los Angeles Dodgers ɗan wasanta Mookie Betts. Shekararsa 27 a lokacin, lafiyarsa ƙalau, kuma bai daɗe da zama gwarzon shekara na rukunin American League ba. Har gobe idan mu magoya bayan Boston muka taɓo zancen, sai ka ji an ce rowar mai ƙungiyar, John Henry, ce, shi ke nan. Akwai rowar, ban musa ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar wa mahukuntan ƙungiyar ƙofar fita, don za su ce ai daga baya sun kashe kuɗi, kuma gaskiya ne sun kashe. Ni a ganina ɓarnar a wuri uku take: kwantiragin da aka sa wa hannu kafin cinikin, yadda aka ɗaure cinikin kansa, da kuma yadda aka kasa riƙe hanya ɗaya bayan an sayar.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa dole ya fara ajiye abin da ya sani. John Henry ɗin nan shi ne mai Liverpool, kuma kowa ya ga yadda aka sayar da Coutinho ga Barcelona a Janairun 2018 aka zuba kuɗin a kan Van Dijk da Alisson. A besbol ba haka ake yi ba. Babu kuɗin sayen ɗan wasa. Musaya ake yi, mutum da mutum, kuma ɗan wasa yana tafiya ne da kwantiraginsa kamar yadda yake, ba a sake rubuta shi. Saboda haka darajar ɗan wasa a kasuwa ba ƙwarewarsa kaɗai ba ce. Ana duba abu biyu a kai: shekara nawa suka rage yana hannun ƙungiya, kuma nawa ake biyansa a cikin shekarun nan. Gwani mai tsada da saura shekara ɗaya zai iya yin ƙasa da yaro matsakaici mai arha da saura shekara biyar.

Ƙa'idar ita ce ƙungiya na riƙe da ɗan wasanta har ya cika shekara shida ta aiki a babban rukuni, kuma kwana 172 a cikin jerin 'yan wasa shi ake ƙirgawa shekara guda. Shekara uku na farko kusan mafi ƙarancin albashi yake karɓa, ko da ya fi kowa iyawa. Daga nan yana da damar kai ƙungiya gaban kwamitin alƙalan albashi: shi ya faɗi adadinsa, ƙungiya ta faɗi nata, alƙalai su zaɓi ɗaya, babu raba bambanci. Betts ya fara wasa a babban rukuni a Yunin 2014. A 2018 ya je gaban alƙalan ya nemi dala miliyan 10.5, ƙungiya ta ce 7.5, ya yi nasara. A 2019 ya karɓi miliyan 20, a 2020 aka daidaita kan miliyan 27. Bayan kakar 2020 zai zama mai 'yancin kansa, ya tafi inda ya ga dama. Wannan shekara ɗayar ita ce duk abin da Boston take da shi na sayarwa.

Kuma mutumin da ake magana a kansa ba ƙaramin kaya ba ne. A 2018 ƙungiyar ta ci wasa 108 cikin 162, ta ɗauki kofin World Series, babban kofin besbol, a hannun Dodgers ɗin da ci huɗu da ɗaya. Betts ya kammala kakar da matsakaicin bugu .346, wato bugu mai nasara kusan 35 cikin kowane ɗari, ya fitar da ƙwallo waje sau 32, ya saci tasha (wuraren da mai gudu ke takawa a hanyarsa ta cin maki) sau 30. Amma lambobin bugu ba su nuna rabin amfaninsa ba. Filin Fenway, gidan Red Sox, karkatacce ne. Hagu gajere ne, ga doguwar katangar nan kore mai tsayin ƙafa 37. Dama kuwa, sandar iyaka tana nan kusa a ƙafa 302, sai katangar ta lanƙwasa ta zarce da sauri har ƙafa 380. Ƙwallon da ta faɗa kwanar nan takan bi jikin katanga tana gangarawa, mai tsaron da ya yi kuskuren taku ɗaya sai dai ya bi ta a baya yana kallon mai gudu ya isa tasha ta uku. Shi ya sa a Fenway mai tsaron dama yake buƙatar gudu irin na mai tsaron tsakiya da hannu mai ƙarfin jifa. Betts ya karɓi kyautar mai tsaro mafi kyau a wannan gurbi shekara huɗu a jere, daga 2016 zuwa 2019.

To me ya kai ga sayar da shi? Harajin wuce iyaka. A besbol babu dokar da ta hana ƙungiya biyan albashi ko nawa ne, amma akwai layi, wanda ya tsallake zai biya haraji a kan abin da ya ɗora. Layin yana miliyan 197 a 2018, miliyan 206 a 2019, miliyan 208 a 2020. Shekarar farko da ka tsallake kashi 20 cikin ɗari za ka biya, ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50. Idan ka zarce layin da sama da miliyan 20 akwai ƙari, idan ka zarce da sama da miliyan 40 akwai wani ƙarin mai nauyi, sannan a ja zaɓinka na farko a zaɓen matasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, baya da gurbi goma. Wannan ya sami Boston bayan 2018, aka mai da ita daga na 33 zuwa na 43. Amma da ka sauko ƙasan layin shekara ɗaya tak, sai ƙirgen ya koma farko. Abin da Henry yake so ke nan a 2020, kuma ya faɗa a bainar jama'a tun Satumban 2019.

A nan ya kamata mai goyon baya ya ɗauki biro. Harajin da Boston ta biya a 2018 bai kai miliyan 12 ba, na 2019 kuma kimanin miliyan 13 ne. A ce a 2020 albashin ya tsaya a miliyan 230. An ɗora 22 ke nan a kan layi, rabinsa 11, da ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Wato kuɗin ɗan wasa matsakaici guda ɗaya. Ƙungiyar da filinta ke cika kusan kullum, take da kaso mafi tsoka a tashar talabijin da ke nuna wasanninta, ba wannan ne zai karya ta ba. Harajin dalili ne, amma ba tilas ba ne.

Tun ran gini ran zane. Shugaban harkokin wasa na lokacin, Dave Dombrowski, mutum ne da aka ɗauko don ya ci kofi, ya kuma ci. Bayan kofin sai aka shiga rabon tukwici. A Disamban 2018 Nathan Eovaldi ya sami shekara huɗu kan miliyan 68, saboda bajintar da ya nuna a wasannin neman kofi na watan Oktoba, duk da an san sau biyu ana yi masa tiyatar jijiyar gwiwar hannu. A Maris ɗin 2019 Chris Sale ya sami ƙarin shekara biyar kan miliyan 145, alhali kafaɗarsa ta ba shi matsala a ƙarshen 2018, kuma saura masa shekara guda a tsohon kwantiragi, babu abin da ya hana a jira a gani. Ga David Price da aka ɗauka tun Disamban 2015 kan miliyan 217 na shekara bakwai. Yadda ake lissafin haraji, ba albashin shekarar ake dubawa ba, jimillar kwantiragi ake rabawa da yawan shekarunsa. Price shi kaɗai miliyan 31 ne, Eovaldi 17, Sale kuma sama da 25. Masu jifa uku, dukansu da tarihin rauni, sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da layin ya yarda. Kwantiragin da ya yi kyau a wannan rabon shi ne na Xander Bogaerts, shekara shida kan miliyan 120, shi ma an bar masa ƙofar ficewa bayan 2022.

Kowa ya san cewa saura shekara biyu Betts ya fita kasuwa lokacin da ake wannan rabo. Masu ƙungiyar ne suka amince da kowane ɗayan kwantiragin nan. A Satumban 2019, ƙasa da shekara guda da cin kofi, suka sallami Dombrowski, a Oktoba suka ɗauko Chaim Bloom daga Tampa Bay Rays, ƙungiyar da ta yi suna wajen yin tuwo da ɗan gari kaɗan. Aikin farko da aka ɗora masa shi ne ya rage albashi.

Sai mu zo kan cinikin kansa, inda na fi jin takaici. Boston ba Betts kaɗai ta bayar ba. Ta haɗa shi da Price, wanda saura masa shekara uku kan miliyan 96, yana da shekara 34, ga matsalar hannu. Price shi kaɗai kaya ne da ya yi kwantai, babu mai tayawa a wannan farashi. Boston ta amince za ta biya rabi, miliyan 48, Dodgers ta ɗauki rabi. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan ka ce wa mai saye ba zai ɗauki na kirki ba sai ya haɗa da na kwantai: zai ɗauka, amma zai zare kuɗin daga farashin na kirkin. Miliyan 48 da Dodgers ta yarda ta ɗauka a kan Price, daga ingancin yaran da za ta bayar ta cire shi. Manyan matasanta na lokacin, irin su Gavin Lux da Dustin May da Will Smith, ko ɗaya bai shiga cinikin ba. Boston ta sauke kimanin miliyan 43 daga lissafin shekarar, ta sauko ƙasan layi. Wato an yi amfani da gwarzon shekara an biya bashin wani.

Cinikin ma sai da ya yi tuntuɓe. A tsarin farko na 4 ga Fabrairu ƙungiya uku ne a ciki, kuma Boston za ta karɓi Alex Verdugo daga Dodgers da matashin mai jifa Brusdar Graterol daga Minnesota Twins. Musaya ba ta tabbata sai likitocin kowane ɓangare sun duba takardun lafiya. Da na Boston suka duba na Graterol sai suka ga jikinsa ba lallai ya jure aikin mai buɗe wasa ba, wanda ke jifa zagaye biyar ko shida, sai dai mai shigowa ya yi zagaye ɗaya a ƙarshe. Aka kusan mako ana ja-in-ja, labari ya riga ya bazu, komawa baya ba ta yiwuwa. A ƙarshe Graterol ya tafi Dodgers a wani cinikin daban da ya kai Kenta Maeda Minnesota, Boston kuma ta karɓi Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Ƙungiyar da babbar matsalarta ita ce masu jifa ta sayar da mafi kyawun ɗan wasanta ba ta sami mai jifa ko ɗaya ba. A ƙarshen Maris aka kwantar da Sale a yi masa tiyatar gwiwar hannu.

Masu kare Bloom suna da hujja guda mai ƙarfi, ya kamata a faɗe ta. Da an riƙe Betts ya tafi a ƙarshen 2020, abin da Boston za ta samu shi ne zaɓi ɗaya na diyya a zaɓen matasa, kuma ga ƙungiyar da ta biya haraji wannan zaɓin sai bayan zagaye na huɗu yake zuwa. Idan aka gwada da wannan, Verdugo mai saura shekara biyar a hannu da yara biyu ba abin rainawa ba ne. Amma hujjar tana tsaye ne a kan cewa Betts ba zai taɓa sa hannu ba sai ya gwada kasuwa. A Yulin 2020, kafin ya buga wa Dodgers wasan gasa ko ɗaya, ya sa hannu kan shekara 12 da dala miliyan 365, ciki har da miliyan 115 da za a biya shi a hankali nan gaba. Jinkirta biyan nan dabara ce ta lissafi, don tana rage adadin da ake ƙirgawa a haraji kowace shekara. A watan Oktoba Dodgers ta ɗauki kofi, Boston kuma ta ƙare ta ƙarshe a rukuninta da ci 24 da faɗuwa 36 a gajeriyar kakar annoba.

Yaran fa? Verdugo ya fara da kyau, ya buga .308 a 2020, daga nan ya tsaya a matsakaici, ba yabo ba fallasa, har aka tura shi New York Yankees a Disamban 2023 aka karɓi masu jifa uku. Labarin Downs shi ne ke nuna yadda jerin 'yan wasa yake matse ƙungiya. Jeri biyu ne: na mutum 26 masu buga wasa, da na mutum 40 da ya ƙunshi waɗannan da kuma yaran da ake karewa a ƙananan rukunai. Yaron da ya kai wasu shekaru a ƙananan rukunai, huɗu ko biyar gwargwadon shekarunsa lokacin da ya sa hannu, dole a sa shi cikin arba'in ɗin, in ba haka ba wata ƙungiya za ta iya ɗauke shi a zaɓen Disamba kan dala dubu 100. Da zarar ya shiga arba'in kuwa, gurbi ya ci. Downs ya shiga, amma sandarsa ta kasa taɓa ƙwallo a mataki na ƙarshe kafin babban rukuni. Wasa 14 ya buga wa Boston a 2022. A Disamban shekarar da aka ɗauko Masataka Yoshida daga Japan ana neman gurbi, Downs aka cire. Ƙungiya na da kwana bakwai ta yi musayar wanda ta cire ko ta saka shi a layin ɗauka kyauta. Washington Nationals ta ɗauke shi, ba ta ba da komai ba. Wong, mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, wanda shi ne gyara a cinikin, shi ya fi kowa daɗewa.

Ba zan ce Bloom bai iya aiki ba. A ƙananan ciniki yana da ido. A zaɓen Disamban 2020 ya ɗauke Garrett Whitlock daga hannun Yankees da wannan dala dubu 100 ɗin, yaron ya zama ɗaya daga cikin mafi kyawun masu jifan ƙarshen wasa a 2021, shekarar da Boston ta ci wasa 92 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wilyer Abreu, wanda daga baya ya gaji wannan kwanar dama ta Fenway ya kuma karɓi kyautar tsaro a can, a musayar Christian Vázquez da Houston ya zo a 2022.

Amma wa'adin rufe musaya na tsakiyar kakar 2022, lokacin da aka yi wannan cinikin, shi ne ya tona rashin alƙibla. Ƙungiyar tana tangal-tangal, albashinta ya ɗan haura layin miliyan 230. Hanya biyu ce a gabanta: ko ta ƙara ƙarfi da gaske, ko ta sayar da waɗanda kwantiraginsu zai ƙare, irin su J.D. Martinez da Eovaldi, ta sauko ƙasan layi. Sai ta yi rabi da rabi. Ta sayar da Vázquez, ta ɗauko Tommy Pham da Eric Hosmer, ta riƙe sauran. Ta ƙare ta ƙarshe da ci 78, kuma a saman layi. Sakamakon haka, da Bogaerts ya yi amfani da ƙofarsa ya tafi San Diego Padres kan shekara 11 da miliyan 280, diyyar da aka samu ta faɗo bayan zagaye na huɗu maimakon bayan na biyu. Layin da aka sayar da Betts don a girmama shi, shekara biyu da rabi bayan nan aka tsallake shi saboda 'yan miliyoyi, a kakar da ba a je ko'ina ba.

Daga nan kuɗin da aka ce babu sai ga shi. Trevor Story ya riga ya karɓi miliyan 140 na shekara shida a Maris ɗin 2022, rauni ya cinye masa mafi yawan shekara ukun farko. Yoshida miliyan 90 na shekara biyar, kuma ya koma kusan mai bugu kawai, ba a cika sa shi tsaro ba. A Janairun 2023, ana cikin fushin tafiyar Bogaerts, aka ba Rafael Devers ƙarin shekara goma kan miliyan 313.5. Devers mai bugu ne na gaske, amma tsaronsa a tasha ta uku ya daɗe yana cikin mafi rauni a rukunin. Ka raba kuɗin Story da na Yoshida kowanne da shekarunsa, ka haɗa su, za ka ga abin da ake biyansu a shekara ya haura abin da Dodgers ke biyan Betts.

An sallami Bloom a Satumban 2023, Craig Breslow ya hau. Ya tura Sale Atlanta a ƙarshen Disamban shekarar, ya haɗa da miliyan 17, ya karɓi Vaughn Grissom. Sale ya warke ya ci kyautar Cy Young, ta mai jifa mafi kyau a rukuni, ta 2024. Wannan ban cika ɗora wa kowa laifi ba, mutumin ya shekara huɗu yana jinya. Cinikin Garrett Crochet daga Chicago White Sox a Disamban 2024 kuwa shi ne irin wanda ya kamata a riƙa yi: an ba da yara huɗu, an karɓi mai jifa na gaba-gaba, an kuma ɗaure shi da wuri kan shekara shida da miliyan 170.

Sai kuma Devers. A Fabrairun 2025 aka ɗauko Alex Bregman, wanda ya fi shi tsaron tasha ta uku nesa ba kusa ba, aka ce Devers ya ajiye safar hannu ya zama mai bugu kawai. Ya yi gunaguni ya yarda. A watan Mayu gwiwar Triston Casas, mai tsaron tasha ta ɗaya, ta samu mummunan rauni, aka dawo aka ce Devers ya koyi tasha ta ɗaya a tsakiyar kaka. Ya ce a'a, a gaban 'yan jarida. Ranar 15 ga Yuni, bayan Boston ta share Yankees wasa uku a jere a Fenway, aka tura shi San Francisco Giants, wadda ta ɗauki duk ragowar kwantiragin. Cikin mutum huɗu da aka karɓa akwai James Tibbs, wanda bayan mako shida aka miƙa shi ga Dodgers aka karɓi Dustin May, wato yaron nan da ba a samu ba a 2020, yanzu kuma saura masa wata biyu ya fita kasuwa. Bregman ma da kakar ta ƙare ya yi amfani da tasa ƙofar ficewar.

Shi kuwa Betts, Dodgers ta matsar da shi daga bayan fili zuwa tasha ta biyu, daga nan zuwa tsakanin ta biyu da ta uku, gurbin da ya fi kowane wuya a cikin fili, yana da shekara talatin da ɗoriya. Ya ƙara kofi a 2024 a kan Yankees. A 2025, a wasa na bakwai na World Series a Toronto, zagaye na 11, ƙwallon ƙarshe a hannunsa ta faɗa: ya taka tasha ta biyu da kansa, ya jefa ta ɗaya, mutum biyu suka fita, kofi na uku ke nan tun barinsa Boston. Kwantiraginsa sai ƙarshen 2032 zai ƙare.